Darasi na 14: Kada Hunturu Ya Sa Ka Jingine Keke

Duk wanda ya tashi a ƙasar Daura ya san gaisuwar Disamba da Janairu. "Ina kwana, yaya ɗari?" A amsa, "Lokacinsa ne." Daga ƙarshen Nuwamba iska take juyowa, leɓe ya fara tsagewa, diddige ya yi faso, ruwan randa ya gagari hannu da asuba, a haka har cikin Fabrairu, wata shekarar ma ya taɓa Maris. A waɗannan watanni ne kekuna da yawa suke komawa zaure a jingine su da bango. Mai keken zai ce sai sanyi ya ɗan lafa. Kafin ya ankara zafin bazara ya shigo, sai ya ce bari a yi ruwan fari. Ruwa ya sauka, ga taɓo. Ranar da ya waiwayi keken zai tarar taya ta sace, kaca ta yi tsatsa, shi kuma ƙafarsa ta saba da neman ɗan acaɓa.

Wannan darasi na malamin makaranta ne da masinja da maigadi da tela da birkila, da duk wanda keke yake kai shi wurin neman abincinsa, ko daga Tudun Wada ko Sabon Gari zuwa tsakiyar gari, ko daga ƙauye zuwa Zango, Sandamu, Baure ko Mai'adua. Mata da ke cikin ajin nan, ku ma naku ne. 'Ya'yanku suna hawa zuwa makaranta, kuma kuɗin da maigida ya tsimi a hanya, a cefane yake ƙarewa.

Iskar nan daga ina take?

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ta ratso Sahara, shi ya sa ba ta da laima ko kaɗan. Mafi yawan farar ƙurar da take ɗauko mana daga wani kwari ne a arewacin ƙasar Chadi da ake kira Bodele, wanda a zamanin da can ƙasan wani makeken tafki ne, ya ƙafe ya bar gari mai laushi. Iska tana matsowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta faɗa kwarin da ƙarfi, ta kwashi garin ta yi sama da shi. Masana sun ce a duniya babu wuri guda da ya kai shi tayar da ƙura. Hazon da yake rufe hasumiyar masallaci a Daura, har ya hana jirgin sama sauka a Katsina ko Kano, daga can ya yi tattaki.

Sanin wannan yana da amfani ga mai keke ta hanya biyu. Na farko, iskar tana da alƙibla. Wanda yake tahowa Daura da safe daga arewa, ta wajen Mai'adua, ko daga gabas, ta wajen Zango, iska tana bayansa tana tura shi, wahalarsa sai a komawa. Wanda yake tahowa daga kudu ko daga yamma, ta hanyar Katsina, shi yake karo da ita da safe, da yamma kuma ta raka shi gida. Kowa ya san nasa, ya ƙara wa tafiyar da take da karo minti biyar ko goma, don kada makara ta zama hujjar barin keke.

Na biyu, sanyi da iska ba lokaci ɗaya suke kai ƙarshen ƙarfinsu ba. Sanyi ya fi tsanani gab da fitowar rana, wadda a Janairu ba ta ɓullowa sai kusan ƙarfe 7. A irin wannan safiya ma'aunin zafi yakan sauka zuwa digiri 12 ko ƙasa da haka, alhali da azahar yana iya kusantar 30. Ita kuwa iska galibi a kwance take da sassafe, sai hantsi ya ɗaga take tashi da ƙarfinta. Saboda haka wanda ya ce bari ya jira rana ta ɗan yi sama, ya guje wa sanyi ne ya faɗa hannun iska da ƙura. Mai sammako ya fi shi samun sauƙin tuƙi.

Abin da ake asara

A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Kuɗin acaɓa da keke napep da motar haya duk suka bi ta. Ba sai an gaya wa kowa wannan ba, aljihu ya riga ya faɗa.

Mu yi lissafi, mu ɗauki misali kawai. A ce ɗan acaɓa yana karɓar naira 300 zuwa, 300 dawowa. A yini 600 ke nan. Mai aikin kwana 22 a wata zai biya 13,200. Watannin sanyi uku, 39,600. Kowa ya cire wannan adadi ya sa na unguwarsu ya gani. Da wuya kuɗin da ya fito bai sayi sababbin tayoyi biyu da tib da rigar sanyi ta gwanjo, har a sami canji ba.

Sai kuma lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2020, ta ce baligi yana buƙatar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, domin rage haɗarin hawan jini da ciwon suga da ciwon zuciya. Mai tafiyar kilomita 5 a keke, ba tare da gaggawa ba, yakan ci minti 20 zuwa 25. Zuwa da dawowa, kwana biyar a mako, ya tara minti 200 ko fiye, bai ware lokaci ba, bai biya kowa ba. Manomi da damina ba ya buƙatar wannan lissafi, gona ta ishe shi. Amma bayan an kai amfani gida, jiki yakan zauna, ga ma'aikacin ofis kuwa dama a zaune yake shekara duka. Ni a ganina hunturu ne ma ya fi kowane lokaci daɗin keke a ƙasarmu. Ba ruwan sama, ba taɓo, ba zafin Afrilu da yake haura digiri 40. Mutum zai isa wurin aiki rigarsa a bushe, ba gumi, ba tsami. Ƙasar Daura kuma shimfiɗaɗɗiya ce, ba hawa ba gangara.

Da dare ake yanke shawara

Ga babban abin da nake so ku riƙe. Mutumin da yake cikin bargo da asuba, ana kiran salla, iska tana kaɗa ƙyauren langa-langa, ba shi ne ya kamata a tambaya ko za a hau keke yau ba. Amsarsa a'a ce kullum. Shawarar ta wanda ya ci tuwon dare ne, jikinsa da ɗumi, hankalinsa a kwance. Shi zai taɓa taya ya ji ko da iska, ya juya keken ya fuskanci ƙofa, ya ajiye hular sanyi da safar hannu a kan sirdi, ya ɗaure abin da zai tafi da shi a kariya. Idan gari ya waye babu sauran tunani, sai fita.

Ku lura da abin da yake hana mutum fita, za ku ga da wuya ya zama sanyin kansa. Taya ce ta kwana a sace kuma famfo yana gidan maƙwabci. Safar hannu ce aka ga ɗaya ba a ga ɗaya ba. Ruwan wanka ne bai yi zafi da wuri ba. Kowannensu ƙaramin abu ne, amma da sanyin safiya zuciya neman hujja take yi, kowace ta samu za ta riƙe. A toshe waɗannan ƙofofi tun da dare. Wanda wankan safe yake makarar da shi, ya yi da yamma ko bayan isha'i, da safe alwala da ruwan ɗumi ta wadatar.

Kuma sanyin mai keke gajere ne. Minti goma na farko ne masu wuya, lokacin da hawaye suke zuba, yatsu suke ƙagewa. Bayan nan jiki ya kunna wutarsa, domin tsoka idan tana aiki mafi yawan ƙarfin da take ƙonawa zafi yake zama. Wanda yake bayan acaɓa ba ya samun wannan. A zaune yake ba motsi, mashin yana gudu ninki uku na keke, iska tana dukansa tun daga ƙofar gida har inda za a sauke shi. Ku dubi yadda fasinja yake sauka a ƙanƙame yana hura hannu, ku dubi mai keke yana kwance maɓallin riga. Idan zuciya ta yi nauyi, ka yi mata alkawari ƙarami: zan taka zuwa bakin titi, in na ji ba zan iya ba in dawo. Da wuya wanda ya kai bakin titi ya juyo.

Kada a fita da ciki wayam. Koko da ƙosai, kunun gyaɗa, ɗumamen tuwo, ko shayi da burodi, duk wanda ya samu. A sha ruwa ko ba a jin ƙishi, domin busasshiyar iska tana zuƙe ruwan jiki ta numfashi ba tare da an ga gumi ba. Akwai kuma abin da ya kamata a fara shiri a kansa. Azumi yana matsowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara: na 2025 ya kama a farkon Maris, na 2026 bayan tsakiyar Fabrairu, masu zuwa kuwa cikin Fabrairu, Janairu da Disamba za su riƙa faɗawa. Mai keke ya cika cikinsa da ruwa a sahur, ya taka a hankali a dawowar yamma.

Sutura

Riguna biyu ko uku marasa kauri sun fi jibgegiya guda, saboda iskar da take maƙalewa a tsakaninsu ita take riƙe ɗumi, kuma idan rana ta yi ana iya cire ɗaya a naɗe a kariya. Ta waje ta zama wadda iska ba ta ratsawa. Wanda ya fito daga gida yana jin ɗumi sosai ya yi wa kansa yawa, zai jiƙe da gumi a hanya, gumin kuma ya huce a jikinsa a wurin aiki. Gara a fito ana ɗan jin sanyi.

Kunne da yatsu da hanci su suka fi shan wuya. Hular sanyi, safar hannu, safar ƙafa da takalmi rufaffe. A rufe hanci da baki da takunkumi ko rawani, yana rage ƙura, yana kuma ɗumama iskar da ake shaƙa. Amma a soke jelar rawanin da kyau, a ɗaure ƙafar wando ta dama da roba, a tattare babbar riga, domin tufa idan ta shiga kaca ko waya, faɗuwa ce ba shiri. Man kaɗanya ko basilin a leɓe da hannu da diddige kafin a fita. Tabarau fari yana tsare ido, baƙi kuwa bai dace da duhun asuba ba.

Keken ma yana jin hunturu

Tsofaffinmu da suka hau Raleigh ta Ingila da Phoenix ta Sin sun riƙe keke guda shekara ashirin ko talatin, ba don komai ba sai don tsumma da ɗigon mai. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga kaca ta bushe a kwarara mata baƙin mai. Ƙura tana manne wa man, su haɗu su zama kamar dutsen wasa wuƙa, su riƙa cin kaca da haƙoran da take hawa. A fara goge ta da tsumma, a ɗiga mai kaɗan, a juya feda baya, a sake gogewa. Sau ɗaya a mako ya isa.

Roba tana bushewa ta tsage a wannan lokaci, don haka a duba gefen taya da robar birki. Taya mai ƙarancin iska tana sa keke nauyi, mutum ya ɗauka ƙarfinsa ne ya ragu. Sirdi ma haka: idan ya yi ƙasa, gwiwa ce take biya. A ɗaga shi yadda idan feda ta kai ƙasa, ƙafa za ta kusa miƙewa. Rani kuma lokacin ƙaya ne. Tsidau ya bushe a gefen hanya, makiyaya sun sassaro rassan ƙaya wa dabbobi, masu lambu sun ja shinge. Mai bin hanyar ƙauye ya riƙe famfo da faci da sholisho a jaka, ya kuma koyi yin facin da hannunsa, domin da ƙarfe 7 na safe mai faci bai buɗe ba. Inda yashi ya yi zurfi, a sauka a tura, ba abin kunya ba ne.

Hazo, da ranar da ba a hawa

Ranar hazo direba ba ya ganin mai keke sai ya zo dab da shi, gilashinsa ma ya yi ƙura. Titin da ya tashi daga Kano ta Kazaure ya ratsa Daura zuwa Kongolam a bakin iyakar Nijar, manyan motoci ne suke binsa, ranar Lahadi kuma ga motocin shanu na kasuwar Mai'adua. A riƙe hannun dama, kada a tari motoci gaba da gaba da sunan gajerce hanya. A sa riga mai haske a sama. Fitila a gaba, ja ko abin ƙyalli a baya. Ƙaramar tocila mai caji da aka ɗaure da roba ta fi babu. Wanda ya sami hular kwano ya sa. Idan da hanyar cikin unguwa, a bi ta ko ta fi nisa kaɗan.

Ba na so kowa ya fita daga ajin nan da tunanin cewa jarumta ita ce a hau ko ana ha maza ha mata. Ranar da hazo ya kai ba ka iya ganin mota daga nesa, ka bar keken. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, takan yi gargaɗin irin waɗannan ranaku, gidajen rediyo kuma suna faɗa. Mai zazzaɓi ko tari mai sauka a ƙirji ya huta. Mai asma, ƙura da iska mai sanyi suna tayar masa da ciwo, kada ya rabu da abin shaƙarsa. Mai sikila, sanyi da ƙarancin ruwa a jiki suna jawo masa ciwon ƙashi. Waɗannan, da mai ciwon zuciya, su nemi shawarar likita kafin su ɗauki wannan darasi. Wanda kuma ya ji ciwon ƙirji ko jiri a kan keke, ya sauka nan take, ya nemi asibiti.

Fashin kwana ɗaya ba ya kashe al'ada. Abin tsoro shi ne kwana na biyu da na uku, lokacin da hujja ta ƙare amma keken yana nan a jingine. Ranar da ka fasa, ka faɗa wa wani a gida ranar da za ka koma.

Bakin mutane

Akwai sanyin da ya fi na iska shiga jiki. Mutum ya iso wurin aiki ya kafe kekensa kusa da mashina da motoci, wani ya ce, "Malam, har yanzu dai ana nan da dokin ƙarfe? Allah Ya kawo mashin." Sai ka ce amin, ka kulle kekenka. Mun ɗauki keke alamar rashi, har magidanci yakan gwammace ya ci bashin kuɗin acaɓa da a gan shi yana taka feda. Wannan tunani yana cutar da mu, kuma ba ko'ina ake yin sa ba. A Wagadugu ta Burkina Faso maza da mata suna cika titi da kekuna, ƙasar kuma tana shirya gasar tseren keke ta Tour du Faso tun 1987. A garin Oulu na ƙasar Finlan, inda dusar ƙanƙara take rufe ƙasa watanni, yara suna zuwa makaranta a keke cikin sanyin da ya sauka ƙasa da sifiri nesa. Ba fatarsu ce ta fi tamu kauri ba. Hukumar garin ce take share musu hanyoyin keke da sassafe, kowa kuma yana ganin maƙwabcinsa ya fito. A 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni ta zama Ranar Keke ta Duniya.

Ganin maƙwabci ya fito ɗin nan, shi ne abin da muke iya samar wa kanmu ba tare da jiran hukuma ba. Ka nemi mutum ɗaya da hanyarku take ɗaya, ku sa wuri da lokaci, ko ƙofar masallaci ko wurin mai shayi. Wanda ya san ana jiran sa a cikin sanyi ba ya iya komawa bargo. Ƙararrawa biyu a ƙofar gida da "Malam, ka fito?" sun fi duk wata nasiha da ke cikin littafin nan aiki. A hanya ma akwai riba: idan ana karo da iska, ɗaya ya shiga gaba ya tare ta, na baya ya huta, can a yi musanya. Taya ta fashe, ga mai riƙe keke. Direba kuma ya fi saurin ganin mutum biyu. Shugabannin makarantu da ofisoshi da ke karanta wannan, rumfa mai inuwa da wurin ɗaure keke ba su da tsada, kuma ranar da shugaba da kansa ya zo a keke, maganar dokin ƙarfe ta mutu a wurin.

Aiki

1. Rubuta kuɗin da kake biya zuwa wurin aiki da dawowa a yini. Ninka shi da kwanakin aikinka na wata, sannan da wata uku. Me wannan kuɗi zai saya a gidanka?

2. Daga gidanka zuwa wurin aiki, wace nahiya kake fuskanta? Da safe ne kake karo da iska ko da yamma?

3. Me ya sa fasinjan acaɓa ya fi mai keke jin sanyi? Bayyana da kalmominka.

4. Ku kasu uku-uku. Kowa ya faɗi abin da ya hana shi fita a ranar ƙarshe da ya fasa, sauran biyun su faɗi abin da za a iya yi tun da dare don kauce masa.

5. A zama na gaba, mutum ɗaya ya zo da keke da tib mai huji, wani ya zo da famfo da faci da sholisho da kwanon ruwa. Wanda ya iya faci zai nuna, kowa kuma zai gwada da hannunsa.